Me Ya Haɗa Buhun Masarata da Rigimar Manyan Ƙasashe?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Tun da na yi ritaya na koma noma a gonarmu ta gado da ke hanyar Giwa. Bara war haka na sayar da buhun masara kusan naira dubu 60. Ganin haka bana na ƙara faɗin gona, na ci bashi na sayi taki, kamfa dubu 45, yuriya dubu 40. Allah ya ba da damina mai albarka, na samu buhu 70. Ga shi shekarar 2025 ta zo ƙarshe, na kai samfuri kasuwa ana taya mini dubu 25. Kullum ina jin labarin Trump da Sin da Yukiren da dala da sojojin Nijar a rediyo, 'ya'yana kuma suna cewa su suka jawo mana wannan. Ni ban ga abin da ya haɗa masarata da su ba. Don Allah a fahimtar da ni. In sayar ne ko in ajiye? Ga auren 'yata watan gobe, ga azumi na tafe. Sannan baɗi in sake noma masara kuwa?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da aka samu, ya kai mu ranar biki lafiya. Tambayarka ta taɓa ni ƙwarai, domin tun da aka fara karyar masara a watan Oktoba babu makon da ba na jin irinta, ko bayan sallar Juma'a ko a bakin kasuwar Samaru. 'Ya'yanka sun faɗi gaskiya, amma rabinta suka faɗa. Abin da ke faruwa a duniya yana shigowa gonarka ta ƙofa biyu, ƙofar abin da kake saye da ƙofar abin da kake sayarwa. Sai dai mai riƙe da makullin ƙofofin nan yana Abuja, kuma bana an bar ta farko tana shigo maka da tsada, ta biyu tana shigo maka da araha.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutumin Zazzau. Wurin nan da muke kira PZ sunan kamfanin Paterson Zochonis ne na Ingila, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka kafa kanti kusa da tasha bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. Kakanninmu sun noma auduga, an gurza ta a nan, an ɗora a jirgi, amma farashinta a Libaful ake yanke shi. Da kasuwar duniya ta karye a 1929, manomin da bai taɓa ganin teku ba shi ma ya ji a jikinsa, ya kai auduga da gyaɗa kanti aka ba shi abin da bai kai ya biya haraji ba. Abin da ya canza kawai shi ne a da labari kan ɗauki watanni kafin ya iso, yanzu kuwa dillali yana tsaye a gaban buhunka waya na kunnensa.

Mu fara da taki, tun da shi ya cinye maka jari. Kamfa sinadari uku ne aka haɗa, kuma ɗaya kaɗai, wanda ke cikin yuriya, muke da shi a wadace a gida. Fosfat daga Maroko ake kawo mafi yawansa, ƙasar da ke riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin da aka sani a duniya. Fotash kuwa Kanada da Rasha da Belarus ne manyansa, kuma Rasha da Belarus su biyu suna fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na wanda ake sayarwa a duniya. An ƙaƙaba wa Belarus takunkumi a 2021, sai ga Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairu 2022, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Farashin taki ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Daga baya ya sauko a kasuwar duniya, amma mu ba mu ga saukar ba, saboda kafin ta iso naira ta faɗi. A watan Yuni 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta da kanta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin wata takwas. Duk abin da aka sayo da dala sai ya ninka sau uku ko da a can bai ƙara ko sisi ba.

Za ka ce to ita yuriya fa, ba a gida ake yin ta ba? A gida ake yi. Masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a watan Maris 2022, an gina ta ne don fitar da tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme kusa da Fatakwal. Abin da suke yi ya fi ƙarfin buƙatarmu, shi ya sa jiragen ruwa ke ɗiba zuwa Barazil da wasu ƙasashe. A nan ne matsalar take. Mai kaya ba zai sayar maka a Sabon Gari ƙasa da abin da manomin Barazil zai biya shi da dala ba. Idan Sin ta taƙaita fitar da yuriyarta don ta wadata nata manoman, kamar yadda ta sha yi a 'yan shekarun nan, ko Indiya ta fito sayen tan miliyoyi a lokaci guda, farashi kan motsa a duniya, bayan 'yan makonni ya motsa a shagon da kake saye. Ƙara da kuɗin mota daga Legas zuwa nan, bayan man fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024, gas na manyan motoci ma ya yi nasa tashin. Lokacin da aka fara shirin taki na shugaban ƙasa tare da Maroko a ƙarshen 2016, buhun kamfa naira 5,500 aka tsayar. Ka kwatanta da abin da ka biya bana.

Bari in yi maka lissafi da alƙalumanka. Abin da masu bincike a Samaru suka daɗe suna ba da shawara ga masara a yankinmu shi ne kimanin buhu 8 na kamfa da buhu 3 na yuriya a hekta ɗaya. A farashin da ka saya, naira 480,000 ke nan. Da masara na dubu 60, buhu 8 ya biya takin hekta. A dubu 25 kuwa sai ka sayar da buhu 19 da ɗoriya kafin ka fanshi taki kaɗai, ba a yi maganar iri da huɗa da maganin feshi da 'yan ƙwadago da sussuka da buhunan zuba da kuɗin mota ba. Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Najeriya bai wuce tan 2 ba, wato buhu 20. Duk wanda ya tsaya a wannan matsakaicin, bana mai shagon taki ya yi wa noma. Wannan lissafin shi ke hana ni barci, domin na san gidaje nawa ne a Giwa da Soba da Maƙarfi da Kudan ke cikin wannan hali.

Yanzu ƙofa ta biyu. Me ya karya masara? Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilan sun taru ne suka haɗu a kaka ɗaya.

Na farko kai ma kana ciki, Malam, kuma ba laifinka ba ne. Da masara ta haura dubu 80 a wasu kasuwanni a tsakiyar 2024, kowa ya koma gona. Ma'aikaci ya yi noma, ɗan kasuwa ya yi hayar fili, mai hekta biyu ya mai da ita huɗu. Damina biyu a jere aka shuka masara da yawa, Allah kuma ya ba da ruwa. Tsadar bara ita ta haifi arahar bana. Haka abin yake a duk amfanin gonar da ake shukawa da farashin jiya a girbe da na gobe.

Sai hukuncin gwamnati. A watan Yuni 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. A farkon Agusta kuma aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, ba ka manta ba har dokar hana fita ta awa 24 aka sa a Kaduna da Zariya. Gwamnati ta tsorata da yunwar birni, kuma tana da dalilin tsorata, don mun ga gidajen da ake kwana ba a ɗora tukunya ba. Amma an buɗe ƙofar ne daidai lokacin da hatsi ke araha a duniya. Masarar da ta haura dala 8 kan kowane mudun awon Amurka a watan Afrilu 2022 ta dawo wajen dala 4, kuma a 2025 Amurka ta girbe masarar da ba ta taɓa girbe irinta ba a tarihi. Manominsu yana samun wajen tan 11 a hekta, kai kana fama da 2 zuwa 4. Indiya ma, wadda ta hana fitar da farar shinkafa a watan Yuli 2023, ta ɗage hanin a Satumba 2024, shinkafa ta faɗi a duniya, ta shigo ta tashar ruwa, ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Idan shinkafa ta sauko, uwargida ta rage tuwo, sauran hatsi sai su bi ta ƙasa.

Akwai abin da nake so ka lura da shi a nan, don zai yi maka amfani wajen yanke shawara. A ƙarshen 2025 tan ɗin masara a kasuwar Amurka ya kasance wajen dala 170. A canjin naira 1,450 kan dala ɗaya da aka yi a lokacin, buhu mai kilo 100 ya kama kusan dubu 25 tun yana can, ba a biya jirgin ruwa ba, ba a sauke a Apapa ba, ba a ɗora a tirela ba. Ke nan a farashin da ake taya maka yau, babu ɗan kasuwar da zai shigo da masara daga waje ya ci riba a kanka. Masarar waje ta yi aikinta ne lokacin da ta gida ke dubu 70 da 80, ta cika rumbunan manyan kamfanonin abincin kaji da na fulawa a Legas da Ibadan, ta kuma koya musu cewa suna da wata mafita. Abin da ke danne farashi yanzu yawan kaya ne da tsoron masu saye.

Tsoron nan na gan shi da idona a kasuwar Giwa kwanakin baya. Wani dattijo ya sauke buhu huɗu daga a-kori-kura, dillali ya soka ƙarfe ya zaro ƙwayoyi, ya jefa biyu a baki ya tauna, ta yi ƙaras, ya ce masara ta bushe, ba ta da laifi. Sannan ya juya ya nuna masa inda tireloli kan yi layi a irin wannan lokaci, biyu ne kacal a tsaye. Ya ce Baba, wa zan saya wa? Alhazan da suka saba cika sito a kaka su ne suka sayi buhu a dubu 60 bara suna jiran ya kai 100, bazara ta zo farashi ya yi ƙasa maimakon sama, wasu suka sayar da rabin kuɗi, wasu har yau kayan na nan ƙwari na ci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Muna yawan zagin 'yan ajiya, kuma wasunsu sun cancanci zagin, amma su ne ke ɗauke rarar kaka daga kasuwa. Da suka janye hannu, sai manomi ya rasa mai taya shi. Banki ma ba ya taimakawa, don Babban Banki ya riƙe ma'aunin kuɗin ruwa a kashi 27.5 kusan shekara guda, sai a Satumba 2025 ya rage zuwa 27. Babu mai cin bashi da irin wannan ruwa ya sayi hatsi ya ajiye.

Masu kaji su ne manyan masu cin masarar ƙasar nan bayan mutane, kuma tsadar 2023 da 2024 ta sa gonakin kaji da yawa sun rufe. Kaji ba sa dawowa dare ɗaya. Wannan ma baki ne da ya ragu.

Maganar Nijar da kake ji a rediyo ta shafe ka kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka har zuwa farkon 2024, daga baya Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar baki ɗaya a ranar 29 ga Janairu 2025. Amma abin da ya fi siyasar tasiri a buhunka shi ne sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta faɗuwa yadda naira ke yi. Lokacin da naira ke zubewa a farkon 2024, ɗan kasuwar Maraɗi ko na Marwa ta Kamaru ya ga hatsinmu kamar kyauta, motoci suka riƙa kwasa daga Dawanau da Giwa da Anchau suna tsallakawa, har kwastan suka shiga tare su. Wannan ya taimaka wajen kai masara inda ta kai. Bana naira ta tsaya, ta ma ɗan farfaɗo, sai garaɓasar ta ragu, masu sefa suka rage zuwa. Haka nan Hukumar Abinci ta Duniya, wadda ke sayen dawa da gero da wake a kasuwannin Arewa don 'yan gudun hijirar Borno da Yobe, ta shiga ƙarancin kuɗi bayan gwamnatin Trump ta rushe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025. Wani babban mai saye ke nan ya ja baya, ga kuma bayin Allah da aka yanke wa abinci.

Harajin Trump kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. A 2025 an sa wa kayan Najeriya masu shiga Amurka kashi 15 cikin 100, amma mafi yawan abin da muke kai wa Amurka ɗanyen mai ne, kuma ba ya cikin harajin. Rigimarsa da Sin, wadda ta sa Sin ta yi watanni ba ta sayi waken suyar Amurka ba ta koma Barazil, ta fi shafar mai waken suya da mai man girki. Masararka ba ta zuwa Amurka. Ba kowane labarin da aka buɗe shiri da shi ne ke isowa gona ba.

Ra'ayina a kan gwamnati ba zan ɓoye shi ba. Ban ga laifin neman sauƙi ga mai sayen tiya ɗaya da yamma ba, kai ma da kake karɓar fansho ka san daɗin saukar abinci. Laifin shi ne an sauke farashin abin da manomi ke sayarwa ba a taɓa na abin da yake saye ba. Indiya tana sanar da mafi ƙarancin farashin amfanin gona sama da iri 20 kafin a yi shuka, manomi ya san ƙasan da ba zai faɗa ya wuce ba. Mu ma muna da rumbunan gwamnati, an kuma sha alkawarin tsayar da irin wannan farashi, amma manomin Giwa bai ga motar gwamnati ta zo saye a kakar da ta fi kowacce dacewa da saye ba. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka fara a Kebbi a 2015 an dakatar da shi, da kurakuransa da amfaninsa, ba a kawo wanda ya maye gurbinsa a ƙauye ba. Zaɓen 2027 na matsowa, arahar abinci abin nunawa ce a kamfen, don haka kada ka sa ran wani ɗan siyasa zai fito ya ce masara ta yi araha da yawa. Abin da nake tsoro shi ne baɗi mutane su gudu daga masara, bayan shekara ɗaya mu koma gidan jiya, yunwa ta dawo, a sake buɗe iyaka, a sake karya wanda ya daure ya noma. Ƙungiyoyin manoma na Zazzau ya kamata su riƙa zuwa wurin wakilansu da lissafin hekta a takarda, irin wanda na yi maka a sama, tun kafin a zo neman ƙuri'a.

To, sayarwa ko ajiyewa? Bayan zakka, wadda buhu 7 ce a cikin 70 tunda noman damina ne, saura 63. Fara da bashi. Idan akwai ruwa a kansa, ko mai shi ya sa maka rana, sayar da abin da zai biya shi yanzu, ko da ranka ba ya so. Hatsin da ake ajiyewa da bashi a wuya ba ajiya ba ce, caca ce, kuma mutuncin dattijo ya fi ribar dubu biyar a buhu. Sannan ka ware abincin gida na shekara cif, kada ka taɓa shi, don babu baƙin cikin da ya kai ka sayar a dubu 25 a Disamba ka sayo a 40 a Yuli. Abin da ya rage bayan wannan da hidimar biki, ni a ganina ka riƙe shi. Dalilina shi ne lissafin da na nuna maka, farashin yau ya yi ƙasa da abin da masarar waje za ta iso a kai, kuma ya yi ƙasa da abin da aka kashe wajen noma ta. Irin wannan ba ya daɗewa. Amma kada ka sa ran dubu 60, kuma kada ka jira rana ɗaya ka fitar duka. Ka riƙa fitarwa kashi-kashi daga Maris zuwa Yuni. Ka sa ido a kan abu uku: ko gwamnati ta sake janye harajin shigo da hatsi, ko tirelolin masu abincin kaji sun dawo layi a Giwa da Saminaka, da kuma abin da maƙwabtanka ke shirin shukawa idan ruwa ya kusa. In ka ji kowa na cewa ya bar masara, to taka ta kusa daraja. Azumin 2026 zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, amma gero da wake da shinkafa da sukari ya fi motsawa, kada ka dogara da shi a kan masara.

Ajiyar kuma sai an yi ta daidai, in ba haka ba ƙwari su cinye ribar. Ka tabbata ta bushe sarai. Sami kwalba busasshiya, zuba masara kamar kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na gishirin da ka shanya ya bushe, rufe, girgiza sosai, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar da ita rana. In ya zube ƙasa, ta yi. Zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, matse iska, ɗaure kowace leda daban, ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango, a kuma yi maganin ɓera. Ƙwaron da ke ciki zai mutu don rashin iska ba tare da ka zuba komai ba. Ina roƙonka don Allah kada ka bari yara su yayyafa maganin feshin gona a hatsin da mutane za su ci, an yi asarar rayuka ta wannan hanya.

Game da baɗi, kada ka bar masara, amma ka rage ta. Ɗauki rabin gonar ka ba ta cikakken haƙƙinta, ya fi ka baza rabin taki a gona duka. Hektar da ta samu iri mai kyau da taki a kan lokaci tana iya ba da buhu 40 zuwa 50, kuma a nan ne kuɗin noma buhu ɗaya ke sauka har ka iya jure arahar kasuwa. Kai da ke Zariya ba ka da uzurin shuka irin da aka ɗebo daga rumbu, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, tun 1922 ake wannan aiki a wurin, irin SAMMAZ nasu akwai masu jure wuta-wuta da masu jure fari da masu nuna da wuri. Sauran rabin ka sa waken suya da dawa. Waken suya ba ya son yuriya, ɗan sufa ya ishe shi, yana barin ƙarfi a ƙasa ga masarar da za ta biyo baya, yana kuma rage wuta-wuta, ga kamfanonin matse mai a nan kusa da ke saye. Tun yanzu da rani ka fara kai takin gida da kashin kaji gona. Takin zamani kuma a riƙa tona rami a gefen shuka ana binnewa, domin yuriyar da aka watsa a sama rana da iska suna kwashe kaso mai yawa, kuɗinka ne ke tashi. Kuma ka buɗe littafi, kai malami ne, rubuta duk naira da ta shiga gona, don ranar da dillali ya taya ka san ko nawa buhu ya tsaya maka.

Saura biki. Gado da katifa da kujeru da kwanuka da labule, yawancinsu ko daga Sin da Turkiyya suke, ko da kayan waje aka haɗa su, wato farashin dala suke bi. Duk buhun da ka sayar don kayan ɗaki a wannan wata, ka ba da abu a lokacin da ya fi araha ka karɓi wanda bai sauko ba. Ka zauna da mahaifiyarta da gwaggonninta ku yi magana ta gaskiya, a sayi abin da ɗaki ba ya yi sai da shi, sauran a cika mata bayan Sallah idan kasuwa ta motsa. Abincin taro kuma a fitar daga rumbu, a yi tuwo da waina da kunu, a rage shinkafar saye. Gara ma ka kai ta da buhunan masararka, a gidan ango za ta yi amfanin buhu cikakke, ba na dubu 25 ba. Surukanka a garin nan suke, su ma sun san yadda kakar bana ta kasance. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma rufa maka asiri.